Babi na Bakwai: Takardun Cinikin Sallah

"Ni da zan kasa kayana na kwana uku kacal, har sai na nemi wata takarda?"

Ba a shekara ba a ji wannan tambaya a Katsina ba. Tana tasowa ne daga goman ƙarshe na azumi, lokacin da Babbar Kasuwa ke cika har ta tumbatsa ta zubo kan titi. Mai shago ya fito da tebur bakin hanya. Yaron shago ya karɓi takalma dozin biyu bashi, ya zama ubangidan kansa na mako guda. Matar aure ta aiko da cincin da dubulan a bokiti. Mai huluna ya ɗaura igiya tsakanin turaku biyu ya rataye kaya. Ranar hawa kuma duk wannan taro ya kwashi komatsansa ya nufi wajen Kangiwa da Ƙofar Soro, inda jama'a take.

Akwai tambaya ta biyu da ke biye da ta farko, sai dai ita ba a yin ta sai bayan abu ya faru: "To yanzu wa zai biya ni?"

Mutane da yawa suna ɗauka amsar tambayoyin nan guda ce, wato wanda ya karɓi kuɗin tikiti shi zai biya idan an yi asara. Ba haka abin yake ba. Takardar da ke ba ka izinin zama daban take da wadda za ta tashe ka idan ka faɗi, kuma yawancin 'yan kasuwarmu ta farkon kaɗai suke riƙe da ita.

Wa ke da wurin da ka zauna?

Kasuwa a ƙasar Hausa ba ta taɓa zama wurin da kowa ke shimfiɗa tabarma inda ya ga dama ba. Tun zamanin da fatake ke sauke kaya a Katsina daga Agadas da bayan hamada, akwai Sarkin Kasuwa mai nuna wa baƙo inda zai zauna, akwai Sarkin Fawa mai sa ido kan abin da aka yanka. Zamanin En'e aka mayar da abin a rubuce, rasit ya shigo. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 sai ikon ya koma hannun ƙaramar hukuma, kuma tsarin mulkin 1999 ya jera shi a jadawalinsa na huɗu: kasuwanni, mayanka, tashoshin mota, shaguna da kes-kes, gidajen abinci da na burodi, allunan talla, har da lasisin baro da amalanke.

Wata doka ta 1998 da ta raba wa kowane mataki na gwamnati harajin da zai karɓa ta ƙara fayyace abin. Kuɗin kasuwa na ƙaramar hukuma ne, sai dai kasuwar da gwamnatin jiha ta zuba kuɗinta a ciki, wannan jiha ce ke karɓa. Dokar ta ce ba wanda zai karɓi haraji sai hukumar da aka ɗora wa aikin, ta kuma hana tare hanya da sunan karɓar haraji. Sabbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun zo da alƙawarin rage yawan kuɗaɗen da ake karɓa barkatai, amma tushen bai sauya ba: kafin ka miƙa kuɗi, ka san sunan hukumar da kake biya.

A aikace, izinin ya danganta da inda ka zauna. Cikin kasuwa, hukumar kasuwa da shugabannin layinka ne za su ba ka wuri, ka riƙa yankar tikiti. Bakin titi magana ce ta daban, domin tikitin kasuwa bai halatta maka cin rabin kwalta ba, kuma jami'an KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, suna da hurumin tashinka ko da rasit goma ne a aljihunka. Ranar hawa kuwa hanya ta dawaki ce. Inda dogarai da 'yan sanda suka ce a ja baya, nan ne iyaka, kuma mai hankali ba ya jiran a faɗa masa sau biyu, don doki in ya zaburo ba ya duba takarda.

Wurin da aka fi tsari shi ne kasuwar baje koli, irin wadda ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masana'antu ke shiryawa duk shekara a Kaduna da Kano. Can sai ka cike fom, ka biya kuɗin fili gwargwadon girmansa, a ba ka lambar rumfa da katin shiga. A bayan fom ɗin nan akwai ƙananan rubutu da ba kowa ke karantawa ba, kuma a cikinsu ne ake yawan cewa tsaron kayanka yana wuyanka.

'Yar takardar da ake yarwa

Ka lura da yadda ake yi da tikiti. Mai karɓa ya zo da ɗan littafinsa, ya yage guda, ya miƙo. Mai tebur ya karɓa bai ko kalla ba, ya soke shi ƙarƙashin dutsen da ya danne leda, ko ya cusa a cikin hula. Kafin la'asar iska ta ɗauke shi, ko an ƙunshe gyaɗa da shi.

Abu huɗu ya kamata ido ya nema a jikinsa: sunan hukuma, lamba, kwanan wata, da adadin kuɗi. Idan an rubuta 200 aka ce ka ba da 500, kana da damar tambaya, cikin ladabi: "Yallaɓai, sauran ɗari ukun na mene ne?" Lokacin Sallah ne 'yan damfara ke buga nasu littafin su shiga cunkoso, saboda sun san baƙin 'yan kasuwa da suka shigo daga Jibiya ko Charanci ko Maraɗi ba su san fuskar ma'aikatan gaskiya ba. Mafi sauƙin kariya shi ne ka tambayi maƙwabcinka mai shago wanda ya shekara a wurin.

Amma babban amfanin rasit ba a ranar da aka yanke shi yake ba. Duk lokacin da wani abu ya faru aka kafa kwamitin tantance waɗanda suka yi asara, abin da kwamitin ke fara nema shi ne jerin sunaye: wa ke da shago, wa ke haya, wa ke da tebur. Mai shago yana da takardar mallaka ko ta haya. Ɗan tebur da ya zo cinikin Sallah ba shi da komai sai tikitin nan da shaidar shugaban layi. Don haka ka ɗauki hotonsa da waya, ka kuma sa a rubuta sunanka a littafin ƙungiya ko da zaman mako ɗaya za ka yi.

Abin da zai shiga cikin mutane

Mai sayar da hula in ya yi kuskure, kan mutum ne kawai zai matse. Mai zoɓo in ya yi kuskure, unguwa guda na iya kwana asibiti. Shi ya sa dokar abinci ta fi tsauri, kuma a nan ba na ganin tsaurin ya yi yawa.

Abincin da ake dafawa a ci nan take, irin tsire da balangu da masa da shinkafa, yana ƙarƙashin jami'an lafiyar muhalli, waɗanda muka fi sani da duba-gari. Su ke duba ruwan da ake aiki da shi, da inda ake zubar da shara, da ko an rufe abinci daga ƙuda da ƙura, kuma suna iya neman takardar gwajin lafiyar mai dafawa. Nama kuwa ya kamata ya fito daga mayankar da likitan dabbobi ya duba. Da zarar ka zuba abu a gora ko leda, ka liƙa masa suna, kana raba wa shaguna, to ka shiga hurumin NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, kuma sai da lambarta. Magani ma ba a maganarsa: doka ta hana tallarsa a kasuwa ko tasha ko cikin mota, ranar Sallah ko ba ranar Sallah ba.

Wanda yake ganin wannan duk fitina ce ya tuna 2021. A watan Maris na shekarar, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da garin da ya lalace. A shekarar dai kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa sosai. Ƙanƙarar da ake jefawa cikin kunun aya, da ruwan da ake ɗauraye kofi ɗaya a ba mutum hamsin, nan ne ƙofar da cuta ke shigowa.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kuwa ba ta hau kan mai cinikin kwana uku da sunansa na yanka ba. Tana zama dole ne idan ka laƙaba wa sana'ar wani suna na daban, kuma za ka buƙace ta ranar da za ka buɗe asusun banki na kasuwanci ko ka nemi tallafi a hukumomin tallafa wa ƙananan sana'o'i irin SMEDAN ko KASEDA ta jiha.

Litinin, 22 ga Maris, 2021

Da safiyar wannan rana wuta ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, wadda ake kira Kasuwar Fatima Baika. Ɗaruruwan shaguna suka ƙone. Saura kimanin mako uku a kama azumi, wato daidai lokacin da 'yan kasuwa ke fara tara kaya. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya je ya gani da idonsa, manyan mutane suka yi ta zuwa jaje da gudummawa, ciki har da Bola Tinubu da ya ba da naira miliyan 50.

Wata biyu kafin nan, a Janairu, babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone. Ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a Maris ɗin 2016. Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a Fabrairun 2023. Ko'ina labarin iri ɗaya ne: jaje, kwamiti, gudummawa, rabo. Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri. Sai dai gudummawa kyauta ce, mai bayarwa ke yanke adadinta da ranar da za ta zo, kuma in aka raba ta kan ɗaruruwan mutane abin da ke isa hannun kowa ba ya kama ƙafar abin da ya rasa. Ba wanda zai je kotu ya ce tallafin da aka ba shi bai kai ba. Kuɗin tikiti da na shara da na gadi da ka shekara kana biya ba su ɗora wa kowa nauyin mayar maka da kayanka ba.

Inshora ita ce takardar da ke mayar da "a taimaka mini" ta koma "a biya ni haƙƙina".

Wacce doka ta tilasta?

Babu wata dokar tarayya da ta ce sai mai tebur ya yi wa kayansa inshora kafin ya kasa su ranar Sallah. Wannan zaɓinka ne. Amma akwai inshora iri biyu na dole da suka shafe ka ta gefe.

Ta farko ita ce ta abin hawa, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, kuɗin ta Keke Napep kuwa 5,000, ta babur 3,000. Daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Ka riƙe wannan da kyau: tana biyan motar da ka buga, ba ta biyan atamfar da ke bayan taka motar. Kuma takardun bogi sun yi yawa, don haka ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, ta waya, ka tabbatar tana ciki.

Ta biyu ita ce ta ginin da jama'a ke shiga. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa mai irin wannan gini ko wanda ke cikinsa ya yi masa inshorar gobara da rushewa da ambaliya da guguwa, domin a sami abin biyan mutanen da abin ya rutsa da su. Ginin kasuwanci yana ciki. Sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ba ta sauke wannan nauyi ba. Ko ana bin dokar a kasuwanninmu, wannan tambaya ce da ya dace shugabannin 'yan kasuwa su yi wa masu gine-ginen da suke haya. Ko da ana bi, inshorar gini ba ta rufe hajar ɗan haya. Bango da rufi na mai gini ne, abin da ke kan kanta naka ne.

Inda ake faɗawa rami

A ce wani mai atamfa ya yi abin da ya dace. A watan Rajab ya yi wa kayan shagonsa inshorar gobara ta naira miliyan 2, don abin da ke ciki ke nan a lokacin. Azumi ya kai ashirin da biyar, ya sauke kaya daga Kantin Kwari, rabi da kuɗinsa rabi bashi, shago ya koma na miliyan 6. Wuta ta ci kayan miliyan 3. Shi a lissafinsa za a ba shi miliyan 2 cif. Kamfani kuwa zai ce kashi ɗaya cikin uku na kayanka ka yi wa inshora, saboda haka kashi ɗaya cikin uku na asarar za mu biya: miliyan 1. Wannan sharaɗi yana cikin kusan kowace takardar inshorar gobara, kuma ba a ɓoye yake ba, karantawa ce ba a yi. Maganinsa kiran waya ne da ƙarin 'yan kuɗi kafin kaya su iso: a sanar da kamfani cewa haja za ta ƙaru na wata guda.

Haka nan inshora tana bin adireshi. Idan takarda ta ce shago lamba kaza a layi kaza, to kayan da ka ɗiba ka kai bakin Kangiwa ranar hawa sun fita daga ƙarƙashinta, sai in an rubuta. Kayan da ke kan hanya tsakanin Kano da Katsina suna da tasu inshorar daban. Ta gobara ba ta biyan sata, kuma tarzoma ko wawaso galibi sai an ƙara su da suna. Sannan doka ta ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu inshora. "Zan kawo bayan Sallah" yana aiki tsakaninka da dila, ba ya aiki a nan.

Ranar biya kuma za a ce ka kawo shaida: rasit na sari, littafin shiga da fita, rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda. Ɗan kasuwar da lissafinsa duk a ka yake, ko littafinsa yana cikin durowar da ta ƙone, zai sha wahala ko da gaskiyarsa. Ka zagaya shagonka da waya ka ɗauki bidiyon kanta daren jajibiri, ka tura wa wani ɗan'uwa. Minti biyu ne.

Akwai asarar da ba kasafai ƙaramin ɗan kasuwa zai sami mai ɗaukar masa ita ba, wato a fasa bikin ɗungurungum. A 2020 annobar korona ta hana hawan Sallah a masarautun Arewa. A Kano an hana hawa a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025. Wanda ya dafa zoɓo durom biyu don 'yan kallo shi ya san yadda ya kwana. Kariyar da ke nan ita ce yarjejeniya da dila tun farko cewa abin da ya yi kwantai za a mayar, da kuma rage hannu kan kayan da ba sa kwana.

Kayan mutane, lafiyar mutane

Leƙa shagon tela ana saura kwana biyar Sallah. Shadda da yadi da leshi sun taru har rufi, kowanne an ɗaure shi da ƙyalle, an rubuta sunan mai shi da alli ko biro. Janareto na ruri a bakin ƙofa, galan ɗin fetur na gefensa, dutsen guga na gawayi yana kan benci, yara uku suna aiki har asuba ido ya yi ja. Kusan duk abin da ke cikin ɗakin nan ba na tela ba ne.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da magana a kan wannan. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Katsina, mai sana'a irin tela da marini yana lamunce kayan da ya karɓa ya tafi da su, kuma masu sharhi suka ce sai fa in ya kawo shaidar cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba. Ashe ɗaukar nauyin dukiyar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da inshora ta ƙara shi ne aljihun da za a biya daga ciki.

Haka abin yake ga lafiyar mutane. Tukunyar gas ɗin mai soya doya ta fashe a cikin cunkoso, ko rumfar da aka kafa da gaggawa ta faɗo kan yaro, ko abinci ya ɓata cikin mutum ashirin. A al'adarmu dattawa ke shiga tsakani, a biya kuɗin asibiti, sau da yawa a ce an yafe. Amma ba kullum ake yafewa ba, kuma ko an yafe, wanda ya ji ciwon shi ya ɗauki asarar. Akwai inshorar da aka yi musamman don wannan, mai biyan mutumin da sana'arka ta cutar. A Ingila ita ce takardar farko da masu shirya biki ke tambaya, kuma galibi suna neman wadda za ta iya biyan har fam miliyan 5. Mai abinci kuma sai ya yi rajista da ƙaramar hukumarsa kwana 28 kafin ya fara. Wanda zai kafa rumfa a bikin Notting Hill da ake yi a Landan duk watan Agusta sai ya nemi lasisi tun da sauran watanni.

Ba na cewa a kwaso wannan a ɗora wa mai ƙosai a Ƙofar Marusa. In aka yi haka, abin da za a samu shi ne sabuwar hanyar tatsar talaka da sabuwar kasuwar takardun bogi. Wanda ya kamata ya ɗauki wannan nauyi shi ne mai shirya taro da hukumar kasuwa: inshora guda da ta rufe filin gaba ɗaya na kwanakin biki, a raba kuɗinta cikin tikitin da dama ake yanka.

"Malam ya ce haramun ce"

Wannan shi ne babban dalilin da ke sa ɗan kasuwar Katsina ya kau da kai, kuma ba magana ce ta jahilci ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari mai yawa, ba ta halatta ba. Amma a zama ɗaya ta ce wadda aka gina kan taimakon juna da sadaukarwa ta halatta. Ita ce takaful. An fara kamfaninta na farko a Sudan a 1979, Malesiya ta yi mata doka a 1984, a Nijeriya kuma hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kamfanoni irin Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya.

Wanda ya san adashe ya san rabin takaful. Kowa yana zubi, akwai mai riƙe kuɗi da ke cire ladan aikinta. Bambancin shi ne a adashe kwasa bi da bi ce, a takaful kuwa wanda masifa ta faɗa wa shi ke kwasa, kuma kowa ya zuba ne da niyyar ya sadaukar. Kuɗin ba a juya su a harkar riba ko haram, akwai malamai masu sa ido, in shekara ta ƙare da rara ana iya mayar wa masu zubi wani kaso.

Wani zai ce ai muna da wannan a ƙungiya, in ɗan'uwa ya yi asara muna yin karo-karo. Gaskiya ne, kuma yana aiki idan shago ɗaya ya ƙone. Ranar 22 ga Maris fa? Masu karo-karon su ne masu asarar. Asusun da duk masu zubinsa ke layi ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya, kan wayar lantarki ɗaya, wuta ɗaya ke cinye shi. Amfanin kamfani shi ne ya haɗa kuɗin Katsina da na Ibadan da na Aba, waɗanda ba za su ƙone rana ɗaya ba, sannan shi ma ya je ya yi wa kansa inshora a wani kamfanin da ya fi shi.

Saura maganar amana, kuma ita ma gaskiya ce: mutane sun ji labarin waɗanda suka biya, ranar karɓa aka yi ta yi musu jeka-ka-dawo. Shi ya sa a ganina ɗan tebur kada ya tafi shi kaɗai. Ƙungiyar layi ta ɗauki inshora guda da sunan mambobinta ɗari biyu ko uku, ta nemi ragi, ta sa wanda ya iya karatu ya bi takardar layi-layi a gaban kowa, ta tabbatar kamfanin yana cikin jerin masu lasisin NAICOM. In an ƙi biya, hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma wasiƙar da ke ɗauke da sa hannun mutum ɗari uku ba a jefa ta kwandon shara da sauƙi.

Duk wannan ya tsaya ne kan abu guda da muka yi ta ratsawa ta gefensa: sanin adadin kayan da ke shagonka, nawa ne naka, nawa ne na dila. Babi na gaba zai shiga bashin kayan Sallah, yadda ake karɓarsa, yadda ake rubuta shi, da abin da shari'a da kotu ke cewa idan kaya suka salwanta kafin a biya. Kafin ka buɗe shi, ka ɗauko littafin shagonka ka ajiye kusa, don da shi za mu yi aiki.